Lissafin Inna



Kafin komi, godiya. Wata uku ke nan da Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa, har yau ban gama zagayen ban-gajiya ba. Ƙungiyoyin da suka aiko da wakilai, da waɗanda suka haɗa hatsi da sukari da sabulu, da waɗanda suka kira ta salula daga Damagaram da Tawa da Yamai, Allah ya bar zumunci, ya saka da alheri. Masu haɗa wannan takarda sun ce in rubuta wani abu a kanta, tun da da yawa cikinku kun san ta, wasu ma kun sha hurarta. Na karɓa. Ba zan cika muku kunne da cewa mai haƙuri ce mai kirki ba, don kowace uwa in ta rasu haka ake faɗi. Labarin da zan ba ku shi ne na yadda take ajiya da yadda take lissafi, ita da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

A katinta na ɗan ƙasa an rubuta an haife ta wajen 1940, kamar yadda ake yi wa yawancin iyayenmu da ba su da takardar haihuwa. Ita ba ruwanta da wannan. In aka tambaye ta shekarunta sai ta ce: "Ni dai ina da wayo shekarar da Gulbi ya ci Maraɗi." Wannan kuwa 1945 ce. A lokacin garin yana ƙasa cikin fadama, ruwa ya rushe gidaje, aka tada mutane aka maido su bisa tudu inda birnin yake yanzu. Abin da ta riƙe na ranar bai wuce biyu ba: tana goye a bayan yayarta, kuma ta ga ƙwaryar uwarta tana tafiya bisa ruwa ba mai tare ta. Haihuwarta goma sha ɗaya, shida muka rayu, ni ce auta. Jikoki da tattaɓa-kunne kuwa da yatsu take ƙirga su, bakinta na motsi, amma ba ta taɓa faɗin jimilla a fili ba, don tsoron baki.

Tana ƴar yarinya aka kai ta aure ƙasar Gobir, wani ƙauye wajen Gidan Rumji, zamanin da gyaɗa ke sarauta. Maigida yana da gandu, kowa na gida yana yi masa aiki, mace kuma a yanka mata gamana, ta noma abin da take so a ranakun da ba na gandu ba. Da kaka maza sukan kwashi gyaɗa su kai wa masu sikeli, daga baya kamfanin Sonara na gwamnati ya zama shi ke saye. Inna ba ta kai tata duka. Takan rage, ta soya, ta daka, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli. Dalilinta: mai sikeli sau ɗaya yake biya a shekara, kwalbar mai kuwa kowace ranar kasuwa tana biya. Da wannan man ta sayi akuyarta ta fari.

Fari na 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, cuta ta biyo baya ta ƙarasa ta. Cikin wannan yunwa ce Seyni Kunce ya karɓi mulki, a watan Afrilu na 1974. Inna ba ta son labarin shekarun nan, ta binne yara biyu a cikinsu. Iyakar abin da ta koya mana daga ciki shi ne aikin anza: yadda ake jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, da yadda ake dafa jiga da tafasa da yaɗiya su riƙe ciki. Ta tilasta mana koyo muna ƙunƙuni, ga hatsi a rumbu. A 2005 muka san amfaninsa.

Wadda ta fi yawan faɗi ita ce 1984, don ita ta canza mata hankali a kan kuɗi. Mu na bakin iyaka da naira muke ciniki tamkar sefa. Inna ta yi shekaru tana tara naira cikin wani gwangwani da ta binne ƙarƙashin gadonta, don kayan ɗakin ɗiyarta. A watan Afrilu na wannan shekara aka canza launin takardun naira, aka rufe iyaka, aka ba da ƴan kwanaki na musanya, kuma sai a cikin Najeriya. Kafin ta samu wanda zai bi ta daji ya kai mata, wa'adi ya wuce. Ta tono gwangwani, kuɗi na nan lafiya lau, ko gara ba ta taɓa ba, amma ko tiya ɗaya ta hatsi ba su saye. Damina kuma ta zo ta ƙi. Shekarar ce mutanenmu suke kira El-Buhari, don a zamanin mulkinsa na soja iyakar take rufe. Takardun nan ta ajiye su har ta tsufa, takan ba jikoki su yi wasan kasuwa da su.

Tun daga nan ta raba ajiyarta. Wani abu a ƙafar akuya, wani a rumbu, wani a hannun mutane, mafi ƙanƙanta shi ne na bakin zane. Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, tamma ɗaya ta Faransa da ake saye da sefa 50 ta koma 100, sabulu da atamfa da magani suka tashi, mata suna ta salati a bakin rijiya. Inna ta ce: "To, akuyata dai ba ta saurari rediyo ba."

Ajiyar hannun mutane ita ce babba, kuma ita ce mai wuyar fahimta ga yaran yanzu. Jar akuyar nan tamu ta Maraɗi, mai yawan tagwaye, Inna ba ta tara ta a gida ɗaya. Garke in ya taru, cuta ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe shi, ga kuma idon maigida in haraji ya matso. Sai ta ba da kiwo: wannan ga wata bazawara a unguwar yamma, wannan ga ƙanwarta a wani ƙauye, wannan ga matar da mijinta ya tafi ci-rani bai aiko ba. Mai kiwo ta sha nono, in an haihu su raba yadda suka shirya tun farko, uwar ta dawo ko ta wuce hannun wata. Ta san kowace akuya da uwarta da kakarta, ta san wadda ta yi ɓari da wadda kura ta ɗauka. Ban taɓa jin ta ce tana taimakon kowa ba. Cewa take: "Ajiya na kai." Amma na san gidaje da dama da tushen dabbobinsu daga turkenta ne.

Biki ma haka. Kun san ƙa'idarsa: ƙawarki ta kawo miki dala ashirin ranar suna, ke in nata ya zo ki ninka, a yi ta hawa har ya yi nauyi a karya a koma ƙasa. Mata da yawa a nan suke rikicewa, zumunci ya ɓaci a kan dala goma. Inna tana da ƙawayen biki a ƙauyuka fiye da yatsun hannu, kuma in aka aiko da goron gayyata, kafin ɗan aike ya sha ruwa ta faɗi abin da ke kanta: "Ranar sunan wane ta kawo kaza da kaza, da ƙwarya biyu." Da dare in ta kwanta mukan ji tana gunaguni, muna yara muna zaton addu'a ce. Rabi addu'a ce. Sauran bitar bashi take yi.

Asusun Mata Masu Dubara ya fara a ƙasar Maraɗi a 1991, da tallafin ƙungiyar CARE, ya iso ƙauyenmu bayan ƴan shekaru. Inna ta ƙi shiga da fari. Ta taɓa yin adashi, uwar adashin ta kwashi zubi ta yi yaji ba ta dawo ba. Ta je dai ta zauna gefe mako uku tana kallo. Ta ga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, akwatin kuma yana kwana gidan ta huɗu. Ta ga ba a buɗe shi sai gaban kowa, a zube kuɗi bisa faifai, masu ƙidaya su ƙirga da ƙarfi, taro ya maimaita. Wannan maimaitawar ce ta saye ta. Ta ce abin da kunne talatin suka ji ba ya ɓata. Ta shiga da zubin dala biyar.

A wancan lokaci ba littafi, don ba mai karatu cikinsu. Kowace mace ta riƙe nata da na wadda ke zaune kusa da ita, mako na zagayowa a tambayi abin da aka rufe akwati da shi kafin a sa makulli. Ba a taɓa zaɓen Inna shugaba ba, ba ta kuma nema ba, bakinta ya yi kaifi da yawa. Amma in gardama ta tashi a kan wa ta ɗauki bashi yaushe, ko wa ake bi tarar makara, kanta ake juyowa. Takan faɗi kuɗin, ta faɗi ranar, ta ƙara da zanen da matar ta ɗaura a ranar. Wadda ke musu sai ta yi dariya ta kwance bakin zane.

Da na gama karatun manya na zo da littafi da biro ina jin kaina, aka ba ni rubutun ƙungiya. Inna ba ta hana ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa: "Auta, rubuta. Amma duk abin da kika rubuta ki karanta shi da ƙarfi, mu ji da kunnenmu." Har yau haka muke yi, kuma ina roƙon shugabanni ƴan uwana su duba wannan. Na zagaya ƙungiyoyi da yawa wajen horo, waɗanda na tarar sun watse galibi ba talauci ya watsa su ba. Lissafi ne ya koma hannun mace ɗaya mai littafi, ko ɗanta mai salula, sauran suka daina riƙewa da ka, suna zubi suna tashi. Ranar rabo aka faɗi abin da bai yi daidai da zatonsu ba, ba mai hujja, sai zargi. Ko mai rubutun tana da gaskiya, zargin ya riga ya shiga.

Tun da na ambaci karatu, bari in faɗi inda ni da ita ba mu taɓa shiryawa ba. Shekarar da aka zo ɗaukar yara lakwal, mushe yana zaune ƙofar maigari da takarda, Inna ta sa ni cikin rumbu ta rufe, na wuni bisa damman hatsi. Sai da na haifi uku na san harafin sunana. Na faɗa mata wannan ya yi mini ciwo, ba sau ɗaya ba. Ba ta ɓoye dalili ba: "In kin tahi, wa za shi ɗaukar mini tallan hura?" Gaskiyarta ke nan, ni kuma ban karɓe ta ba, har yau. Haƙuri dai ba ta ba ni ba, ba halinta ba ne. Sai dai ranar da ɗiyata ta fari ta ci jarrabawar shiga kwaleji, za a kai ta birni gidan dangi, ba mu da na katifa da kayan sawa, da asuba na ji kukan bunsuru a ƙofar gida. Ta aika an karɓo shi daga wajen kiwo. Ta ce wa yarinyar: "Kishiya, ga kuɗin mota, ki tahi ki bar mini mijina in huta." Ko kallona ba ta yi ba.

Sai maganar gona, wadda nake so kowace mace ta karanta sau biyu.

Bayan yunwar 1984 mutane da yawa sun saida gonaki sun tashi. Inna ta haɗa awaki da kuɗin mai ta sayi wata ƴar gona a jigawa, ba gamana da miji ya yanka mata ba, tata ta kanta. Ranar ciniki ta kira maigari da liman da dattijai uku, aka zagaya iyaka. Sannan ta yi abin da ya ba mutane dariya: ta tara samari matasa da ke wasa a dandali, ta raba musu ƙuli-ƙuli, ta sa aka sake faɗin kuɗin da iyakar a gabansu, daga gawo zuwa tsohuwar rijiya zuwa jerin gamba. Aka ce mata yara kuma na mene? Ta ce: "Tsofaffin nan mutuwa za su yi."

Haka kuwa aka yi. Lokacin da mahaifinmu ya rasu, tana cikin takaba, wasu daga danginsa suka lissafa gonar cikin gandu, za a raba, a ba ta tumuni kamar yadda shari'a ta ba matar mamaci mai ƴaƴa. Maigarin da liman da dattijan duk sun riga mu gidan gaskiya. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta aika aka kira uku daga yaran nan, sun zama magidanta da furfura a gemu, suka tsaya suka faɗi iyaka, har da ƙuli-ƙulin. Magana ta mutu. Bayan ta fita takaba muka bi ta wajen maigari da hukumar filaye da ake kira Kofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta kafa, aka yi mata takardar shaida. Ta sa na karanta mata sau biyu, ta naɗe a leda, ta ce takarda shaida ce ta huɗu.

Kun san halin da ake ciki yanzu a kudancin Maraɗi. Mutane sun yi yawa, gonaki sun tsuke, gandu da kansa bai ishi gida ba balle a yanka wa mace gamana. Amarya da yawa yau ba su san riƙon hauya ba, ana ce musu hutu ne, alhali gonar ce babu. Ranar rabon gado kuma sai ƴan uwa maza su ce: ke kina gidan wani, karɓi kuɗi mu riƙe ƙasa. Inna ta ja mana kunne a kan wannan tun tana da ƙarfinta. Ba ta ce a ƙara mana ko taki ɗaya bisa abin da Allah ya yanka ba, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya. Cewa ta yi: "Kashinku ku karɓe shi ƙasa. Wadda ta karɓi kuɗi, ban yafe ba." Mu uku mata mun haɗa namu wuri ɗaya, bana wake da yakuwa muka zuba.

Ciwonta na ƙarshe bai yi tsawo ba. Ƙafafu suka kumbura, abinci ya ƙi shiga, muka kai ta likita aka ba da magani, ta ce a maida ta ɗakinta. Da ta ji jiki ya yi nauyi sai ta ce in ɗauko littafi, a kira yayyena maza da maƙwabta biyu. Kwana biyu muna zaune, tana faɗi tana hutawa, ina rubutawa ina karantawa da ƙarfi. Ta fara da abin da ake bin ta: jika biyu na mai goro, tiya huɗu ta dawa da ta ranta da bazara, bashin asusu da saura zubi biyu ya cika, biki uku da ba ta rama ba. Ta ce a biya kafin a ɗauke ta. Sannan abin da take bi, da awakin da ke hannun mutane, gida gida. Wasu ta ce a karɓo, wasu ta ce: "Wannan a bar mata, kada wanda ya je." Da ta zo kan babban yayanmu, ɗanta na fari, wanda shekara sittin da wani abu ba ta taɓa kama sunansa ba don kunya, sai ta juya fuska bango ta ce: "Wancan na bakin ƙofa, ina bin shi kuɗin taki tun shekara uku. Na bar mishi." Dattijo da jikokinsa ya fashe da kuka kamar yaro. Ta ce a fitar da shi yana cika mata kunne.

Ta cika daren Juma'a, bayan ta sha ruwa ta yi kalmar shahada. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.

Da aka yi sanarwa wajen jana'iza cewa mai bi ko wanda ake bi ya zo, ba wanda ya kawo abin da ba ya cikin littafin. Ranar sadakar arba'in matan ƙungiyarmu sun zo da akwati, aka buɗe gabanmu, aka ƙirga rabonta da ƙarfi, taro ya maimaita. Wurin zamanta a tabarma, kusa da masu ƙidaya, jikarta ce ta gaje shi.

Abu ɗaya ya rage wanda ban iya saukewa ba, kuma saboda shi ne na fi son wannan rubutu ya kai nesa. A ƙarshen lissafin ta sa na jawo wata tsohuwar tasa daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai mundaye biyu na azurfa, masu nauyi, naɗe cikin baƙin ƙyalle. A shekarar El-Buhari, lokacin da makiyaya suka gangaro daga arewa dabbobinsu sun ƙare, wata Buzuwa ta sauka bayan gidanmu da yara biyu, mace da namiji. Ta ce daga wajen Abalak suke. Sun yi kusan wata biyu, Inna tana ba su abin da ya samu. Da za su wuce kudu neman mijinta, ta tuɓe mundayen ta ba Inna. Inna ta ce ba ta saida abinci ba. Matar ta ce to ajiya ce, hanya ba ta da aminci, in ta dawo ta karɓa. Ba ta dawo ba. Shekara arba'in ke nan. Yunwar 2005 ta zo, aurarrakinmu suka zo, ciwon mahaifinmu ya ci awaki shida, mundayen nan ba su motsa ba, mu kanmu ba mu san da su ba.

Ta faɗa mini sunan matar da na yaran, da wata alama da ke jikin yarinyar. Ban rubuta su a nan ba, don mai gaskiya shi zai zo da su. Yaran in suna raye yanzu sun kusa hamsin. Ƴan uwa na ƙungiyoyin Tawa, da na Abalak da Dakwaro da Madawa, don Allah ku karanta wannan a taronku na mako, ku tambayi tsofaffi. Wadda ta ji wani abu mai kama da haka ta sanar da mai zagaya ƙungiyoyinsu, saƙo zai iso ni ta hannun masu wannan takarda. Mundayen suna cikin akwatin asusunmu, an nuna su gaban kowa, an rufe da kwaɗo uku.